Bahamas: Aljannar Baƙi, Tsadar 'Yan Gida

Ranar Laraba, 4 ga Disamba 2024, ana cikin zama a majalisar wakilan ƙasar Bahamas da ke birnin Nassau, sai mataimakin shugaban jam'iyyar adawa, Shanendon Cartwright, ya miƙe ya nufi gaban kakakin majalisa, ya sunkuci sandar iko, ya buɗe taga ya wurga ta waje. Abin da ya tunzura shi, kakakin, Patricia Deveaux, ta hana jagoransu Michael Pintard magana a kan wata badaƙala da ta girgiza ƙasar a kwanakin. Masu gabatar da ƙara a birnin New York ne suka tuhumi wasu jami'an tsaron Bahamas, har da wani babban ɗan sanda, da haɗa baki da masu safarar hodar ibilis zuwa Amurka. A ranar ce kuma kwamishinan 'yan sanda ya ajiye aiki, ko da yake babu sunansa cikin waɗanda ake tuhuma. Daga bisani 'yan sanda suka shigo zauren suka fitar da 'yan adawa da ƙarfin tsiya.

Duk ɗan Bahamas da ya ga haka ya san wanda Cartwright yake kwaikwayo, don tun a makaranta suke jin labarin. Ranar 27 ga Afrilu 1965, wani matashin lauya baƙar fata, Lynden Pindling, ya jefa sandar ta tagar wannan majalisa, yana cewa sanda alamar iko ce, iko na jama'a ne, jama'a kuwa ga su can a waje. Abokinsa Milo Butler ya bi bayanta da agogon yashin da ake auna wa 'yan majalisa lokacin magana. A zamanin, wasu tsirarun Turawa 'yan kasuwa ne ke riƙe da mulki da dukiya gaba ɗaya. Ana kiran su 'Yan Titin Bay, saboda shagunansu da ofisoshinsu na jere a kan babban titin kasuwar Nassau. Sun yanka mazaɓu ta yadda ko baƙar fata sun fi ƙuri'a ba za su fi kujeru ba, kuma haka ta faru a 1962: jam'iyyar PLP ta su Pindling ta fi ƙuri'u, ta tashi da kujeru kaɗan. Ba a cika shekara biyu da jefa sandar ba, zaɓen 10 ga Janairu 1967 ya mayar da mulki hannun masu rinjaye, Pindling ya zama shugaban gwamnati, a 1973 kuma ƙasar ta sami 'yancin kai daga Birtaniya.

Na daɗe ina bibiyar jaridun ƙasar nan, The Tribune da The Nassau Guardian, da shirye-shiryen rediyonsu na buga waya da ake kamawa ta intanet. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin ranakun nan biyu. Waɗanda suka cika titi a 1965 sun san abin da suke nema, sun san wanda ya hana su, sun kuma yi imani ƙuri'a za ta karɓo musu. Jikokinsu suna da ƙuri'ar, sun yi ta aiki da ita ba sani ba sabo, amma abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya bai motsa ba. Har ta kai da yawansu sun fara zama a gida ranar zaɓe. Wannan zaman gida ne ya sa ni ɗaukar alƙalami, don a ganina ya fi jefa sanda ban tsoro.

Ga wanda bai san ƙasar ba, tsibirai ne kusan 700 a warwatse cikin tekun Atlantika, daga gab da jihar Fulorida ta Amurka har zuwa kusa da Kuba da Haiti. Kimanin talatin ne ke da mutane. Jama'ar duka wajen 400,000 ce, kuma bakwai cikin goma suna cunkushe a tsibiri guda, New Providence, inda Nassau take. Mafi yawansu jikokin 'yan Afirka ne da aka kai bauta, da waɗanda sojan ruwan Birtaniya suka ƙwato daga jiragen bayi suka sauke a can. A takarda ƙasa ce mai arziki: in aka raba abin da take samarwa a shekara, kowane mutum zai tashi da sama da dala 30,000, abin da ƙasashe ƙalilan ne suka kai a duk nahiyar Amurka. Dalarsu ɗaya daidai take da dalar Amurka ɗaya, kuma duka biyun suna yawo a kasuwa. Wanda ya ga hoton farin yashi da ruwan nan garai-garai sai ya ce, to me mutanen nan suka rasa?

Jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓa: PLP mai launin ruwan ɗorawa, da FNM mai jan launi, wadda aka kafa a 1971. Pindling ya shekara ashirin da biyar a kan mulki, zargin kuɗin ƙwaya na shekarun 1980 ya ɓata masa suna, Hubert Ingraham na FNM ya kayar da shi a 1992, ya kuma sake cin zaɓe a 1997. Daga nan sai abin ya sauya salo. A 2002 aka kori FNM aka kawo Perry Christie. A 2007 aka kori Christie aka dawo da Ingraham. A 2012 aka kori Ingraham aka dawo da Christie. A 2017 wani likita, Hubert Minnis na FNM, ya kwashe kujeru 35 cikin 39, Christie kansa ya rasa mazaɓarsa ta Centreville, wadda ya riƙe shekara arba'in, da ratar ƙuri'a huɗu kacal. A Satumban 2021 aka yi wa Minnis irin abin da ya yi wa wani: Philip Davis na PLP ya tashi da kujeru 32. Zaɓe biyar a jere, daga 2002 zuwa 2021, babu gwamnatin da ta tsira. Su da kansu suna faɗa cewa ba zaɓen gwamnati suke yi ba, korar gwamnati suke yi.

Sai dai in ka duba alƙaluman 2021 da kyau, za ka ga wani abu da yawan kujeru ya ɓoye. A 2017 FNM ta sami ƙuri'u wajen 91,000. A 2021 suka zube zuwa kimanin 46,000. Ina rabin suka tafi? Ba PLP suka koma ba, don ita daga wajen 59,000 ta ɗan ɗaga ne zuwa 66,000. Wasu sun bai wa ƙananan jam'iyyu, amma mafi yawa ba su fito ba. Ƙasar da aka saba ganin mutum tara cikin goma na masu rajista sun yi layi, a wannan karon kashi 65 cikin ɗari ne suka fito. Gaskiya ne annobar korona na kan ganiyarta a lokacin, kuma Minnis ya kira zaɓen watanni kafin wa'adi. Duk da haka, gwamnatin da ta mamaye majalisa ta hau ne da yardar kusan mutum ɗaya cikin uku na masu rajista.

Me ya kashe musu gwiwa haka? In ka saurari masu buga waya a rediyo, za ka ji kukan kashe-kashe, don a 2015 kaɗai an kashe mutum 146 a wannan 'yar ƙasa. Za ka ji ƙorafi kan baƙin haure daga Haiti, wani lokaci da kalamai masu zafin da ba na jin daɗinsu, tunda su ma talakawa ne da suka tsere wa abin da ya fi ƙarfinsu. Amma duk inda zance ya zagaya, sai ya dawo kan kuɗin cefane, kuɗin wuta da kuɗin haya.

Bari mu bi sawun gwangwani ɗaya. Karin kumallon talaka a Nassau shi ne tsakin masara da kifin gwangwani ko naman gwangwani, wanda ake saye a 'yan rumfunan bakin titi kafin a shiga motar haya. Har yau wasu na kiransa karin kumallon santi 99, alhali farashin ya daɗe da wuce nan. Babu ko ɗaya cikin kayan nan da aka noma a ƙasar. Kusan kashi 90 cikin ɗari na abincin da ake ci a Bahamas daga waje ake shigo da shi, mafi yawa ta Fulorida, kuma kuɗinsa na kai wa wajen dala biliyan ɗaya a shekara. Ƙasar tsibiran dutsen farar ƙasa ce mai ɗan siririn turɓaya a sama, ba kogi ko ɗaya. Turawan da suka gudo daga Amurka da bayinsu bayan 1783 sun gwada auduga, cikin 'yan shekaru ƙasa ta gaji, ƙwari suka cinye saura. An yi zamanin abarba a Eleuthera, an yi zamanin soson teku har wata cuta ta kashe shi a ƙarshen shekarun 1930. Da otal-otal suka zo, matasa suka bar gona suka kama aikin ɗaukar tire.

To, gwangwanin nan an saye shi a farashin Amurka. An biya kuɗin jirgin ruwa da inshora daga Fulorida. Ya sauka a tashar kwantena ta Arawak Cay, wadda kamfani ɗaya ke da ikon gudanar da ita, gwamnati da tsofaffin kamfanonin sufurin ruwa su ne manyan masu hannun jari. An biya kuɗin tasha. In kayan na cikin waɗanda ake yi wa kuɗin fito, kwastan sun karɓi nasu. Babban dila ya ɗora riba, mai kanti ya ɗora tasa, ya haɗa da kuɗin wutar da firij ya sha dare da rana. Sannan a wurin biyan kuɗi aka ƙara harajin VAT. Wannan fa ga mutumin Nassau ke nan.

Na sauran tsibirai tsugune ba ta ƙare masa ba. A ƙarƙashin gadar da ta haɗa Nassau da Tsibirin Paradise akwai tashar Potter's Cay. In ka ɗaga kai daga nan, ga dogayen benayen otal ɗin Atlantis masu launin hoda. In ka sauke ido, ga rumfunan masu yanka ƙaton dodon koɗin teku suna haɗa shi da albasa da lemun tsami da barkono, ga kuma jiragen da ake kira jiragen wasiƙa a ɗaure, ana yi musu lodi. Buhunan shinkafa, tukwanen gas, siminti, firij, katifa, wani lokaci har da mota, da kwalayen da aka rubuta sunan mai su da sunan ƙauyensu da baƙin alƙalami. Waɗannan jirage, da gwamnati ke tallafa wa, su ne jijiyar tsibirai irin su Acklins, Mayaguana da Inagua, inda tafiyar kan wuce yini da kwana. In teku ta yi fushi jirgi bai tashi ba, kanta ta zauna wayam har mako mai zuwa. In ya iso, kowane kaya ya ƙara kuɗi a hanya, ga shi kuma a can ne aikin yi ya fi ƙaranci.

Tsadar da nisa da teku suka jawo, ba wanda za a ɗora wa laifi. Amma akwai wadda mutane suka tsara da hannunsu, kuma a nan gizo ke saƙar. A Bahamas babu harajin albashi, babu harajin gado, babu harajin ribar da mutum ya ci a kan kadara ko hannun jari. Wannan tsari ya girmi 'yancin kai. 'Yan Titin Bay ne suka gina shi, musamman wani lauya, Stafford Sands, wanda ya riƙe harkar yawon buɗe ido tun 1950, daga baya ya zama ministan kuɗi. Dabararsa ita ce a jawo baƙi su zo hutu, a jawo attajiran duniya su ajiye kuɗinsu inda ba za a taɓa shi ba, gwamnati kuma ta ci abincinta daga kuɗin fiton kayan da ake shigo da su, kayan da su ɗin ne dai ke shigo da su suna sayarwa. Sands ya bar ƙasar bayan 1967, kuma har yau ba a daidaita a kansa ba: gwamnatin FNM ta sa hotonsa a takardar dala goma, ta PLP ta cire, FNM ta dawo ta mayar. Hoton ake ta jayayya a kai. Tsarin da ya bari kuwa, jam'iyyun biyu sun gaje shi sun ci gaba da shi.

Ma'anar wannan a rayuwar yau da kullum ita ce, gwamnati na tatsar kuɗinta ne daga abin da mutum ya kashe, ba ruwanta da abin da ya samu. Mai sharar ɗakin otal da ke kashe duk albashinta a cefane tana biyan haraji a kan kusan kowace dala da ta shigo hannunta. Attajirin da ke zaune a unguwar Lyford Cay mai katanga da masu gadi, wanda ke kashe ɗan kaɗan cikin abin da yake samu, saura ba mai tambayarsa. Kamar gidan haya ne da ake raba kuɗin wuta daidai-wa-daida tsakanin mai ƙwan fitila ɗaya da mai firij biyu da na'urar sanyaya ɗaki. Ni dai ban ga adalci a nan ba, kuma hatta Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ba a san shi da tausayin talaka ba, ya sha ba ƙasar shawarar ta duba batun harajin kuɗin shiga.

Maimakon haka, sai VAT ya zama abin da ake kokawa a kansa kowane zaɓe. Gwamnatin Christie ce ta kawo shi ranar 1 ga Janairu 2015 a kashi 7.5 cikin ɗari, da alkawarin rage bashi. FNM, tana adawa, ta yi ta sukarsa, tana tambayar ina kuɗin VAT suka shiga. Shekara ɗaya da hawanta mulki, a Yulin 2018, ta ɗaga shi zuwa kashi 12, sai dai ta cire shi daga kan wasu kayan masarufi irin su shinkafa, fulawa, tsakin masara da madarar jarirai. Davis ya yi alkawarin saukewa, ya kuwa sauke zuwa kashi 10 a Janairun 2022, amma ya mayar da harajin kan kayan masarufin da aka yafe. Ke nan mai sayen agogon zinare ya sami sauƙi, mai sayen shinkafa ya sami ƙari, a daidai lokacin da farashi ke hauhawa a duniya baki ɗaya. Da kuka ya yi yawa, a Oktoban 2022 gwamnati ta faɗaɗa ƙayyade farashi, 'yan kasuwa suka yi tsalle suka dire, masu shagunan magani har suka rufe ƙofofinsu na ɗan lokaci. A Afrilun 2025 aka rage harajin abincin kanti zuwa kashi 5. Wanda ya shekara goma yana kallon wannan sa-in-sa, a sa a cire, a ɗaga a sauke, kuma aljihunsa bai shaida ba, da wuya ka shawo kansa cewa jar riga ta bambanta da ruwan ɗorawa.

Ga kuma albashi. Mafi ƙarancinsa dala 150 ne a mako tun 2002, ya koma 210 a 2015, sannan 260 a farkon 2023. Mai karatu a Kano ko Damagaram zai buga lissafi ya ce ai wannan dukiya ce. A dakata tukuna. Dala 260 a mako ba ta kai 1,130 a wata ba. Wani bincike da masana a Jami'ar Bahamas suka yi a 2020 ya nuna ma'aikaci na buƙatar dala 2,625 a wata kafin iyali mai mutum huɗu su rayu cikin rufin asiri a New Providence, a Grand Bahama kuwa 3,550. Kuma wannan lissafi an yi shi ne kafin tsadar da ta biyo bayan korona. Shi ya sa za ka ga mutum yana aikin otal da rana, yana gadi da dare, ko mace tana ofis tana kuma sayar da abinci a ƙarshen mako. Shi ya sa kuma adashi, wanda suke kira asue kuma suka gada daga kakanninsu na Afirka ta Yamma, yake nan daram a ƙasar da ke cike da bankunan duniya. Da kwasar adashi ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake sayen tsohuwar ƙaramar mota daga Japan, da ita ake hawa jirgi zuwa Mayami a ciko akwatuna da kayan makarantar yara, don ko an haɗa da kuɗin tikiti yakan fi sauƙi.

Wuta ma wani ciwon ne. Ƙasa mai rana kusan kullum, amma da man dizal da baƙin mai na waje ake kunna injinan kamfanin wutar lantarki na BPL a Clifton Pier da Blue Hills. Takardar kuɗin wuta kashi biyu ce, kuɗin wutar kanta da kuɗin mai, kuma daga ƙarshen 2022 aka riƙa ƙara na man mataki-mataki. A bazarar 2019, watanni aka kwashe ana ɗauke wuta unguwa-unguwa a Nassau, nama na ruɓewa a firij, ƙananan shaguna na asara. Haya kuwa, a tsibirai irin su Exuma da Eleuthera, mai gida ya gane cewa abin da baƙo zai ba shi a 'yan kwanaki ta Airbnb ya kai abin da malamin makaranta zai biya a wata.

Abin da ke ƙara rura wutar shi ne, a daidai wannan lokaci ministoci na fitowa suna shelar cewa an kafa tarihi. A 2024 baƙi sama da miliyan 11 suka shigo ƙasar. Sai ɗan unguwar Bain Town ko Grants Town, tsofaffin unguwannin baƙar fata da ke bayan tudun Nassau, inda har yau wasu gidaje ke ɗebo ruwa a famfon bakin titi, ya tambaya: to ina rabona? Amsar tana cikin irin baƙin. Fiye da huɗu cikin biyar fasinjojin manyan jiragen ruwan shaƙatawa ne. A jirgi suke kwana, a jirgi suke ci, su sauko 'yan sa'o'i su sayi hula da riga su koma. Baƙon da ya zo ta sama ya kwana a otal yana kashe abin da ya ninka nasu fiye da sau goma. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin jiragen suna da tsibiran kansu: Royal Caribbean na da CocoCay, Disney na da Castaway Cay, MSC na da Ocean Cay. Fasinja zai iya shiga lissafin baƙin Bahamas, ya yi wanka a ruwanta, ya koma gida bai taɓa saye a hannun direban tasi ko mai saƙar kwando ta kasuwar Nassau ba.

Adalci ne in faɗi cewa duk wanda ya hau kujerar nan, hannunsa a ɗaure yake ta wasu fuskoki. Ranar 1 ga Satumba 2019 mahaukaciyar guguwar Dorian ta afka wa Abaco da iska mai gudun kusan kilomita 300 a sa'a, sannan ta je ta tsaya cak a kan Grand Bahama fiye da yini guda. Ta share unguwannin The Mudd da Pigeon Peas na garin Marsh Harbour, inda 'yan asalin Haiti suka fi yawa. A hukumance mutum 74 suka mutu, sama da ɗari biyu kuma ba a gan su ba. Asarar ta kai dala biliyan 3.4, kusan rubu'in abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Wata shida bayan haka korona ta rufe otal-otal, tattalin arziki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar a 2020. Bashi ya yi tashin gwauron zabo, ya wuce dala biliyan 11, har kuɗin ruwa kaɗai ya kai ga cinye kusan dala ɗaya cikin kowace biyar da gwamnati ta tara. Mutanen da ba su ƙona wani abin a-zo-a-gani a duniya ba suna biyan kuɗin ɗumamar yanayi, kuma Davis ya sha faɗin haka a tarukan duniya, da gaskiyarsa.

Amma guguwa ba ita ta ci amanar jama'a ba. A Janairun 2013 gwamnatin Christie ta kira ƙuri'ar raba gardama kan halatta shagunan caca na cikin gida. Coci-coci suka tashi tsaye, jama'a suka ce a'a. Shekara ta zagayo, gwamnati ta halatta su. Wannan tabo bai warke ba. Da aka dawo a Yunin 2016 da wata ƙuri'ar, wadda za ta bai wa mace 'yar Bahamas 'yancin gadar wa ɗanta ɗan ƙasanci daidai da namiji, sai aka yi fatali da ita, kuma masu sharhi da dama sun ce haushin 2013 na cikin dalilai. Mata ne suka biya bashin da ba su ci ba. A Nuwamban shekarar dubban mutane sanye da baƙaƙen kaya suka yi tattaki zuwa dandalin Rawson da ke gaban majalisa, ba tutar jam'iyya, suna neman a riƙa yi musu bayanin inda dukiyarsu ke tafiya. Wata shida bayan haka gwamnati ta faɗi. Sabuwar ta gurfanar da wasu manyan tsohuwar, kotu ta wanke biyu, kowane ɓangare ya ce shari'ar da ake wa nasa bi-ta-da-ƙulli ce. Dokar 'yancin samun bayanai da aka zartar a 2017, shekaru suka shuɗe ba a gama aiwatar da ita ba. Dokar da za ta tilasta wa jam'iyyu bayyana masu ba su kuɗin kamfe kuwa, kowace jam'iyya ta yi alkawarinta tana adawa, ta manta da ita tana mulki.

Wannan ta ƙarshen ce na fi ɗauka da nauyi, don ita ce ta haɗa zancen siyasa da zancen cefane. In ba a san wanda ya biya kuɗin riguna da makaɗa da wasan wuta na gangamin zaɓe ba, ta yaya za a san dalilin da ya sa ba a taɓa tsarin haraji, ko tsarin tasha, ko kwangilar mai? Ƙanƙantar ƙasar ma ta taimaka wa abin. Mazaɓa ɗaya masu ƙuri'a wajen dubu biyar ne, ɗan majalisa ya san gidaje, ya san wanda ya sa jar riga da wanda ya sa ruwan ɗorawa. Wurinsa ake zuwa neman aikin gwamnati, da kwangilar share gefen titi, da gudummawar jana'iza. Ma'aikaci na tsoron ya buɗe baki a yi masa canjin wurin aiki zuwa tsibiri mai nisa. Masu neman hanya ta uku kuma tsarin zaɓe na mai-rinjaye-ya-kwashe-duka yana karya su: jam'iyyar DNA ta Branville McCartney ta sami kimanin kashi 8 cikin ɗari a 2012, ba ta tashi da kujera ko ɗaya ba, shi kansa ya rasa tasa.

A ƙarshen 2024 an sami abin da za a kira tsaga ta farko a bangon da Sands ya gina. Majalisa ta zartar da harajin kashi 15 cikin ɗari a kan ribar manyan kamfanonin ƙasa-da-ƙasa, waɗanda cinikinsu a duniya ya kai yuro miliyan 750 a shekara. Ba wani zaɓe ne ya kawo shi ba, ba kuma wata jam'iyya ce ta yi kamfe da shi ba. Yarjejeniyar da ƙungiyar OECD ta jagoranta ce ta tanadi cewa in Bahamas ba ta karɓi kuɗin ba, ƙasashen da kamfanonin suka fito za su karɓa, sai gwamnati ta ga gara ya shiga baitulmalinta. Kamfanoni ƙalilan ne dokar ta shafa, kuma ba ta taɓa albashin manyan ma'aikata, ko ribar manyan dilolin cikin gida, ko dukiyar attajiran da ke zaune bayan katanga ba.